Shafin da Manzo bai gwada ba

A Filingue an yi wani saurayi, Manzo Ɗangoma, wanda Allah ya ba basira amma bai ba shi haƙuri ba. Kai gare shi, wannan ba mai ja. Sai dai irin mutanen nan ne da ke kiran baƙi tun tukunya ba ta tafasa ba. Abin da ya fi so a duniya shi ne a ce Manzo ne ya yi.

Aikinshi kula da ɗakin ordinatar, wato kwamfuta, na wata lakwal, makarantar boko. Injunan tsofaffi ne, kyauta anka kawo su, cikinsu wayam kamar rumbu a tsakiyar damina. Manzo ya san wata dabara da masu abin ke kira tashi ta rezo. Ana ɗaure injunan duka da waya ɗaya, a aje babba guda kamar uwa. Duk ƙaramin da anka kunna sai ya nemi uwar, ta zuba mishi abin da zai tashi da shi.

Tsarin da ke tafiyar da injunan kuwa ba a saye, ba a sayarwa. Gonar gayya ce, mutanen duniya ke noma ta, kowa da hauyarshi. Har littafin da ke koya wa mutane aiki da shi, duk wanda ya ga kuskure shina iya aika gyara, a duba, a karɓa, a sa sunanshi. Shafin tashi ta rezo ya tsufa ƙwarai, mai bin shi sai ya ɓace. Manzo ya sha wuya kafin ya gano hanya da kanshi, ya ce shi zai gyara shafin.

Yana da taubashiya, Dijatu, ɗiyar gwaggonshi, mai aiki a wani ƙaramin rediyon manoma wajen Damana. Ta yi shekaru tana bin ƙauyukan Kurfey tana ɗaukar muryoyin tsofaffi: waƙoƙin daka, kirarin gidaje, kiɗan ƴan bori, labarin yadda kakanni sunka zauna ƙasar. Da yawa cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, har da tsohuwa Muna mai waƙar daka, wadda ɗiyanta ke zuwa rediyon musamman don a kunna musu muryarta. Duka wannan yana cikin inji guda, babu shi ko'ina. Su ma rediyon an ba su tsofaffin injuna don koya wa matasa.

Ranar kasuwa Dijatu ta same shi bakin lakwal.

"Kai bawana, yaushe za ka zo ka tada muna injunan nan? Ko sai na aiko da jaki?"

"Ke baiwa, mutanen duniya na jirana," in ji Manzo. "Shafi nika rubutawa. In ya hito, ko ke mai kan ƙwarya kina iyawa da kanki."

"To injin tsohhina fa? Waya ɗaya suke da sauran."

"Mi za ya same shi? Shafi ba ya cizo."

Ga inda gizo ke saƙa. A ƙa'ida, kafin uwa ta zuba wa ƙaramin inji sabon tsari, sai ta tambaya ko a share abin da ke cikinshi. Injunan Manzo ba su da komi, don haka tambayar ta gundure shi, tun tuni ya cire ta. Da ya zauna rubutu, sai ya kwashe yadda ɗakinshi yake ya zuba a shafin, kamar ɗakin kowa nashi ne.

Ya aika. Wata mata mai duba gyare-gyare, can wata ƙasa mai nisa, ta yaba da aikin, sannan ta yi mishi tambaya guda: "Ka gwada shi inda akwai inji mai kaya a ciki? Uwar tana tambaya kafin ta share?"

Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Wuta ta zama baƙuwa, rezon intanet ya zo ya koma. Gwaji na nufin aron inji, da jiran wuta, da haƙurin da Manzo bai da shi. Ga shi kuma ana gab da rufe sabon littafin, wanda ya makara sai wani zagaye. Zuciyarshi ta ce mishi, ai abin da ya yi aiki nan zai yi ko'ina. Ya rubuta mata: "Na gwada."

Anka karɓa. Manzo ya bi majalisar masu shayi yana nuna sunanshi a waya, har masu shayin sunka fara canza hanya. Ya tura wa Dijatu shafin.

Dijatu ba ta da garaje. Ta bi shafin layi-layi, ba ta tsallake ko ɗigo ba. Injunan sunka tashi ras. Ta kira shi tana dariya: "Ashe bawan nan nawa yana da rana!" Injin muryoyin kuwa a kunne yake, bai nemi kowa ba.

Kashegari da hantsi wuta ta ɗauke. Da ta dawo bayan azahar, injunan duka sunka tashi tare, kowane ya nemi uwa, har da na tsofaffin. Uwar ba ta tambayi kowa ba. Ta share shi tas, ta zuba mishi sabon tsari.

Dijatu ta shigo motar Filingue da injin naɗe cikin zane. Ta aje shi gaban Manzo.

"Manzo," ta ce. Rabon da ta kira shi da sunanshi tun suna yara. "Duba mini."

Ya duba, bai ga komi ba. Ya kai injin Yamai wajen waɗanda sunka fi shi sani, sunka ce sabon tsarin ya hau bisa muryoyin. Abin da anka ceto ɗan guntu ne, tarin wani tsoho da rabin gaisuwa.

Da ya dawo, Dijatu ta tambaye shi: "Ni na yi kuskure? Gaya mini, in san abin da zan roƙa gafara kanshi."

Nan ƙofa ta buɗe mishi. Da ya ce e, da ta yarda. Amma bai shiga ba, ya ce:

"Ba ke ba ce. An tambaye ni ko na gwada, na ce na gwada. Ban gwada ba."

Ba ta zage shi ba. Ta ninke zanenta, ta ce: "To, kai za ka gaya ma ɗiyan Muna."

Ranar ya rubuta wa matar can gaskiya, ta janye shafin nan take don kada wani ya faɗa ramin. Ya ari inji, ya jira wuta, ya gwada har ya gaji, ya mayar da tambayar, ya sa gargaɗi a saman shafin. Anka karɓa. Wannan karon bai nuna wa kowa ba.

Sannan sunka tafi ƙauyen Muna. Sunka tarar da babban ɗanta, Kailu, yana ɗaure damin hatsi. Manzo ya tsuguna ya faɗi komi, bai rage ba. Kailu ya dube shi, igiya a hannu.

"Wato ba za mu ƙara jin inna ba?"

"Ba za ku ƙara ba, baba."

Kailu ya ja igiyar ya ɗaure damin. "Bara munka kai ta makwanci," ya ce. "Ashe yau ne munka rufe ta."

Darasin a fili yake. Wanda ya kwatanta wa mutane hanya, to ƙafafunsu na wuyanshi, ko ya san su ko bai san su ba. Kayan gayya ma amana ne, don an ce kyauta ba a ce a kawo ruɓaɓɓe ba. In ba ka gwada ba, ka ce ban gwada ba. Wannan kalma ba ta taɓa rage darajar kowa ba, kuma suna yana iya jiran wani zagaye. Abin da ƙarya ta share kuwa, gyara ba ya dawo da shi.