Jakar da Alhaji Maharazu Ya Ce Tasa Ce

Akwai wani manomi a Danja, ana kiransa Alhaji Maharazu. Mutum ne mai kyauta, wannan kam babu musu. Aibinsa guda ne, ba a gaya masa abu. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Hajji, shekaru sha biyu da suka wuce, amma tun daga nan duk maganar jirgin sama da ta taso a majalisa shi ne malaminta.

Da ya sayar da masararsa a kasuwar Funtua, sai ya yanki tikitin Umra. Jirgin ba kai-tsaye zai je Jidda ba. Daga Kano zai sauke su a wata ƙasa, su jira awa biyar, sannan su hau wani.

Kun dai san halinmu. Labari na bazuwa, saƙo ya fara shigowa gida. Wannan tana da 'yar'uwa a Makka, ga daddawa. Wancan ɗansa yana karatu a Madina, ga yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa. Alhaji bai mayar da kowa ba. Shi da kansa ya zauna ya rubuta sunan kowa a jikin ƙunshinsa.

Matarsa, Hajiya Raudatu, ta duba takardar tikitin ta ce, "Alhaji, jaka biyu fa suka ce, kowacce kilo ashirin da uku. Mu raba kayan nan gida biyu."

"Ashirin da uku sau biyu, arba'in da shida ke nan," in ji shi. "Kayana ko kusa da haka ba su kai ba. Ke kin taɓa hawa jirgi ne?"

Ya danne komai cikin ƙatuwar jaka guda.

A filin jirgi aka ɗora jakar a sikeli, ta nuna kilo talatin da ɗaya. Ma'aikaciyar da ke awon, wata mai suna Najiba, ta ce cikin ladabi, "Baba, ba a jimla ake lissafi ba, kowace jaka da awonta. Ko ka biya kuɗin ƙarin nauyi, ko ka fita waje ka sayi wata jakar ka raba kayan."

Ran Alhaji ya ɓaci. Kuɗin sun yi masa yawa. Sayen jakar kuwa ba wata tsada ba ce, amma sai ya koma ƙarshen layi, ga jama'a sun zuba masa ido, ga maganar Raudatu ta tabbata. Ya janye jakarsa gefe yana huci.

Nan wani mutum ya yi masa sallama. Farar shadda, ƙamshin turare, ga carbi a hannu. Ya ce sunansa Alhaji Talha.

"Ranka ya daɗe, na ga abin da yarinyar nan ta yi maka, ba su san girman mutane ba. Ni ma can na nufa. Jakunkunana uku, biyu suka yarda. Wannan ƙaramar rabinta babu komai. Zuba rarar kayanka ciki, ta shiga da sunanka a zaman ta biyu. Ka huta, ni ma na huta."

Alhaji ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Ya zuge jakar, ya ga 'yan riguna ne kawai a ciki. Ya zuba daddawa da yaji a kai. Da ya ɗaga ta, nauyinta ya fi abin da idonsa ya gani, kuma gindinta da tauri kamar katako. Amma ya basar.

Najiba ta dubi sabuwar jakar, ta dube shi. Ta rage murya.

"Baba, kai ka haɗa jakar nan da hannunka? Duk jakar da na liƙa wa sunanka, taka ce a ko'ina. Kuma a inda za ku canza jirgi ba za a ba ka ita ba, sai Jidda."

"Tawa ce. Yarinya, yi aikinki."

Ta liƙa. Ta manna masa 'yan takardu biyu masu lamba a bayan fasfo, jakunkunan suka bi bel mai jan kaya suka shige.

A ƙasar da suka sauka jiran jirgi na biyu, Talha ya zo suka gaisa, har ya saya masa shayi. Sannan ya ce bari ya je ya yi alwala.

Awa ɗaya, shiru. Awa uku, shiru. Alhaji ya leƙa masallaci, ya leƙa bayi, ya dawo ya zauna. Sai a sannan ya tuna ba shi da lambar wayar mutumin, bai san garinsu ba, bai ma ga tikitinsa ba. Tsoro ya kama shi na gaske.

Ya je gun wani ma'aikaci, ya nuna masa takardar jaka ta biyu, yana yi da hannu cewa ba tasa ba ce, a fitar da ita. Ba sa jin harshen juna. Mutumin ya duba na'ura, ya yi murmushi don ya kwantar masa da hankali, ya ce, "Jidda, Jidda." Jakar ta riga shi shiga jirgi.

Aka rufe ƙofar jirgi babu Talha. Abincin da aka kawo, Alhaji ko taɓa shi bai yi ba.

A Jidda babbar jakar ta fito. Ya tsaya yana kallon bel yana zagayawa har kaya suka ƙare, ƙaramar ba ta fito ba. Ya fara hamdala a ransa, yana cewa Allah ya sa ɓata ta yi. Yana juyowa ya ga jami'ai biyu tsaye a bayansa, ɗaya riƙe da ita.

A wani ɗaki suka farke gindin jakar a gabansa. Miyagun ƙwayoyi ne jere cikin leda. A samansu ga ƙunshin daddawa da yaji, da rubutun hannunsa ɓaro-ɓaro.

Ya rantse, ya yi kuka, dattijo da furfurarsa. Tafintan da aka kira, wani Bahaushe, ya ce a hankali, "Alhaji, suna tambaya. Da aka tambaye ka a Kano jakar wa ce, me ka ce?"

"Na ce tawa ce," in ji Alhaji.

Sai bayan kwana sha ɗaya a tsare aka ba shi waya. Raudatu ta ɗauka tana kuka, tana tambayarsa yaushe zai dawo.

"Raudatu, ki yafe mini," in ji shi. "Ki gaya wa ƙanena Jibo, in ruwa ya sauka ya yi shuka. Kada ya jira ni."

Darasi: Kada kunya ko gudun biyan kuɗin kaya ya sa ka yarda a liƙa sunanka a jakar da ba kai ka haɗa ba, ko da waye ya roƙe ka. In wanda ya san aiki ya gargaɗe ka, ka saurara, ko ɗan cikinka ne. Ku tura wa iyayenmu da 'yan'uwa masu shirin tafiya, wataƙila ku ceci wani.