Gonroku, Zakaran da Ya Ƙi Rusuna wa Kappa

Akwai wani ɗan kokawa a wani ƙauyen bakin kogi a arewacin Japan, ana ce masa Gonroku. Sau ɗaya tak ya ci gasar kokawar sumo ta bikin kaka, amma tun daga ranar wuyansa ya sandare. A ƙasar da ko mai tallan kifi ake rusuna wa, shi ya daina sunkuyar da kai ga kowa, har surukinsa.

Ba kuwa wata dukiya gare shi ba. Doki ɗaya ne, mai yi musu huɗa da dakon itace, da shi gidan ke cin abinci.

Da rani ya kama, mutanen gari suka fita jefa kokwamba a kogi, kamar kowace shekara, don kappa, dodon ruwan da ke kogin, ya ci ya ƙyale musu yara da dabbobi. Gonroku ya ja dokinsa ya ratsa ta tsakiyarsu, ya nufi wuri mai zurfi zai yi masa wanka.

Tsoho Yasube, mai kwale-kwalen fito, ya ce, "Yaro, ban da can. In kuma kappa ya fito maka, rusuna ka gaishe shi. Ba ya iya ƙin amsa gaisuwa. Yana sunkuyawa ruwan da ke ƙoƙon kansa zai zube, ƙarfinsa ya tafi."

Gonroku ya yi tsaki. "Baba, tsufa dai bai yi ba. Ni zan gaida kwaɗo? Ku ci gaba da yi masa girki, tunda kun rasa abin yi."

Doki na sa ƙafa a ruwa, wani koren hannu ya cafke wutsiyarsa. Kappa ya fito, tsawonsa bai wuce na ɗan yaye ba, ga ƙoƙon baya irin na kunkuru, ga ƙarnin kifi. Tsakiyar kansa a lotse kamar tasa, cike da ruwa.

Ya ce, "Kai ne zakaran da ake faɗa? Zo mu kama. In ka kayar da ni, tafi da dokinka."

Matar Gonroku, Oshige, ta kutso cikin mutane, ta ce, "Maigida, sunkuya kawai. Dokin nan shi ne tukunyarmu."

Gonroku ya san gaskiya ta faɗa, don ya ga yadda hannu ɗaya ya tsayar da doki cak. Amma da ya waiga ya ga duk gari sun zuba masa ido, sai ya ga gara komai da a ce an ga ya rusuna.

"Ke, rufe mana baki," in ji shi. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya afka.

Abin ma bai isa a kira shi kokawa ba. Kappa ya ɗaga ƙaton nan kamar damin kara, ya maka bayansa a kan dutse, ya ja doki suka nutse. Ko ragamar ba a sake gani ba.

Gonroku bai mutu ba, amma bayansa ya warke a tanƙware, bai ƙara miƙewa ba. Da shi da Oshige suka koma huɗar shinkafa da fartanya. Duk inda ya bi a gari, kansa na ƙasa, gaban babba da yaro, har karen maƙwabta. Yara kan tsaya su rusuna masa suna ƙunshe dariya, su ce, "Mun amsa, zakara."

Wata rana ya yi ƙorafi a gida. Oshige ko ɗagowa ba ta yi ba daga wankin shinkafarta, ta ce, "Sunkuyawa ɗaya tak aka roƙe ka."

Darasi: Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda ya ƙi sunkuyawa da kansa, duniya za ta sunkuyar da shi, kuma iyalinsa ne za su fara biyan kuɗin girman kansa. Ku tura wa wasu, kowa ya san wani Gonroku a unguwarsu.