Hoton Ƙwaƙwalwar Alhaji Maikano

Wani attajiri, Alhaji Maikano, ya fasa wa Jatau wanzami kai da sanda. A kotu, lauyan Alhaji ya miƙa hoton ƙwaƙwalwar Alhajin daga asibiti.

Alƙali ya ce, "Jatau, hoto ya nuna Alhaji ba ya cikin hankalinsa. Ka nuna mini lafiyar ƙwaƙwalwar nan ƙiri-ƙiri, ko in kori ƙara."

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yarda. Amma kyautar mai taɓin hankali tana halatta a shari'a?"

"Ko kusa! Mayarwa ake yi."

"To, a kwance bijimin da ya aiko gidanka jiya, a mayar masa."

Alƙali ya gyara tabarau, ya sake duban hoton, ya ce, "Ashe a juye na riƙe shi! Wannan ƙwaƙwalwa garau take."