Tsumman Ilu Bakanike

An yi wani mutum a wani gari na bakin fadama, tun zamanin da injin ban-ruwa ɗaya ke shayar da gari guda. Sunansa Ilu, bakanike ne. Bawan Allah ne wanda bai iya doguwar magana ba. Ni ma ban iya ba, saboda haka ku saurara.

Manoman rani na garin suna da injin dizal guda, alkamar kowa a kansa take. Mai kula da shi wani tsoho ne, Baba Mati. Aikinsa ya cika duron da ke sanyaya injin da ruwa. Wata rana Ilu ya kwance injin ya wanke, bayan kwana uku da hantsi sai injin ya yi zafi, ya yi aman tururi, ya mutu. Alkama kuwa tana fitar da kai.

Da Ilu ya iso, ya tarar an sa tsohon a tsakiya. Alhaji Barmo, shugaban manoman, yana nuna shi da yatsa.

"Barci ka yi, duro ya ƙafe!"

"Alhaji, wallahi na cika shi."

"Ku ji fa! Ga furfura, ga rantsuwar ƙarya. Yau za ka bar mana fadama."

Tsoho ya duƙa, hularsa a hannu. Wani ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa.

Ilu ya durƙusa gaban injin. Ya sa sifana ya kwance notuna, ya ɗago kan injin, wanda kanikawa ke ce wa tof silinda. Ya ɗora rular ƙarfe a fuskarsa, ya ɗaga wajen rana. Haske ya ɓullo ta ƙarƙashin rular. Zafi ya banƙara ƙarfen.

Sai ya zura yatsa a ƙofar da ruwa ke bi. Ya taɓo abu mai laushi. Ya jawo.

Tsumma ne, jama'a. Yankin tsohon zanen matar Ilu. Shi da hannunsa ya toshe ƙofar ranar wanki, don kada yashi ya shiga, ya ɗaure injin bai cire ba. Ruwa na cikin duro, hanya ce babu.

Ku lura da kyau. Bayansa ya ba su. Ba wanda ya gani. Tsumman bai fi tafin hannu ba, aljihu kuma ga shi nan. Ya dunƙule shi.

Alhaji ya ce, "Ilu, kai ka san ƙarfe. Faɗa musu, rashin ruwa ne ko ba shi ba ne?"

"Rashin ruwa ne, Alhaji."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani ya cafki rigar tsoho.

"Sake shi!" in ji Ilu. Ya buɗe hannu. "Ga abin da ya hana ruwan. Ni na sa, ni na manta. Baba bai yi ƙarya ba."

Kowa ya dubi tsumman. Sannan duk zagin da aka tanadar wa tsoho ya dawo kan Ilu. Alhaji ya ce, "Sakarai! In alkamar nan ta ƙone, kai da sifana a garin nan har abada."

"Na ji. A kawo mini gilashi mai kauri da samfefa, takardar goge ƙarfe."

Ya shimfiɗa samfefar a kan gilashin, ya kifa ƙarfen, ya yi ta gurzawa don fuskarsa ta miƙe. Ya gurza, ya ɗora rula, haske na nan. Ya gurza, ya ɗora rula, haske na nan. Yatsunsa suka fashe. Baba Mati ne ke zuba masa ruwa a kan samfefar, ba wanda ya sa shi. Sai la'asar ta washegari hasken ya ɓace. Ya sa sabon gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, aka juya hannun injin. Ya yi tari, ya kama. Ruwa ya bi kwalbati.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Alhaji bai sake kiran Ilu aiki ba, har ya mutu. Amma Baba Mati ya ci gaba da tsayawa a sahun gaba a masallaci, in ya ce wallahi kuma a yarda.

To, ku ji ni. Gaskiya ba ita ce ka faɗi laifin wani ba, wannan kowa ya iya. Gaskiya ita ce ka buɗe hannunka lokacin da ba wanda ya ga abin da ke ciki sai Allah. A cikinku akwai wanda ake zagin wani yau saboda laifin da shi ne ya aikata, a kasuwa, a gareji, ko a cikin gidansa, kuma ya yi shiru. Kai nake nufi. Tsumman yana hannunka. Buɗe shi tun ba a buɗe maka ba.