Tarwaɗar Jihar Tsallake

An yi wani kogi tsakanin jihohi biyu, masuntansu kullum cikin faɗa. Sai gwamnonin suka yi yarjejeniya cewa kogin na kowa ne, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta tsara masa dokoki. Aka naɗa Alhaji Maikano shugaba, aka ba shi ofis da mota.

Da kujera ta yi daɗi, sai ya kafa doka: kowa kifin jiharsa kaɗai zai kama, wanda ya saɓa a ƙwace kwalekwalensa.

Ran nan aka gurfanar da wani tsohon masunci, Gwadabe, da kwandon tarwaɗa.

Maikano ya ce, "Ware mini na jihar tsallake, ko ka yi bankwana da kwalekwalenka."

Gwadabe ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ashe kowane kifi da jiharsa?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ruwan da ya girma a ciki fa?"

"Shi ma na jiharsa ne mana!"

"Alhamdu lillahi, ashe kogi ya rabu! Bari in kai wa gwamnoni albishir. Don na kowa ne suka kafa hukumarka. Tunda kowa ya gane nasa, sai a rufe ofis. Motar fa, wace jiha za a mayar wa?"

Maikano ya dafe aljihun da makullin yake, ya yi gyaran murya. "Kai tsoho, wa ya ce maka kifi yana da jiha?"

"To, ranka ya daɗe, a sallame ni da marasa jihar nan kafin su yi wari."