Jatau Ya Hau Dutse Neman Mai Laifi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ku ce ta zo mu ji ta. To, ga ta.

Wani manomi ne mai suna Jatau, gonarsa tana gindin wani dogon dutse. Wata damina sai ruwa ya gangaro daga saman dutsen, ya share masa gero tas. Jatau ya zo ya tarar da yashi. Sai idonsa ya yi ja, ya saɓa gatari, ya ce, "Wallahi yau sai na ga mai turo mini ruwan nan!"

Ya kama hawa, ƙaya tana yagar masa riga, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ya tarar da rema yana shan hantsi a kan falale.

Ya ce, "Kai ne ka saki ruwa a gonata?"

Rema ya ce, "Ni? Hau gaba ka tambaya."

Jatau ya yi masa tsaki, ya wuce. Ya yi ta hawa yana haki, har ya koma rarrafe. Sai ga goggon biri a bakin kogo.

"Kai ne, mummuna?"

Goggo ya ce, "Da ni ne, da na faɗa maka, kuma babu abin da za ka iya. Hau gaba."

Jatau ya jefe shi da dutse, bai same shi ba. Ya ci gaba har ya kai ƙoli. Iska mai sanyi ta buge shi. Can ya iske mikiya a zaune.

Ya ɗaga gatari. "To, ke kika rage!"

Mikiya ta ce, "Juya ka duba ƙasa, ɗan Adam."

Ya juya. Sai ga duniya a shimfiɗe. Kogi ya koma kamar zare, rumbunan gari kamar ƙananan ƙwarya a kife, shanu a makiyaya kamar an watsa farin wake. Amma a jikin dutsen akwai wani jan kwari, ya miƙe har cikin gonarsa. A inda ya faro babu komai sai kututture.

Mikiya ta ce, "Wa ya sare itatuwan can ya ƙona gawayi?"

Jatau ya gane wurin, shi ne ya sare su.

Ta buɗe fukafukai, ta daka masa tsawa. "Saiwarsu ce take riƙe ƙasa! Sheƙata tana kan ɗaya, da ƙwaina a ciki. Ruwan da ya ci geronka shi ya ci 'ya'yan rema a raminsu. Mu ba mu sauka mun same ka ba, sai kai ne za ka hawo mana da gatari? Sauka!"

Ya sauko, goggo yana masa dariya, rema kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Da ya isa gida, matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ka samu mai laifin?"

Ya ce, "Na same shi."

"Ka sare shi?"

Ya jingine gatari a bayan rumbu, ya ce, "Ba ni ruwa in sha."

Don haka, in ranka ya ɓaci, ka fara duba abin da hannunka ya yi kafin ka je ƙofar wani da faɗa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.