Rawanin Shehu a Ƙafar Baƙuwa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni Hashimu ɗan Abdurrahim, tela a unguwar Ambassatna ta birnin Njamena, ina rubuta abin da idona ya gani daga Shehinmu, malamin malamai, kogin fiƙihu da tafsiri, mai gudun duniya, mai yawan shiru da zikiri, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa. Kakanninsa, kamar nawa, mahajjata ne da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka zauna. Ba ya son a rubuta sunansa, saboda haka ban rubuta ba. A shekaru ukun ƙarshe na rayuwarsa ƙafafunsa sun shanye, ba ya fita daga zaurensa na unguwar Diguel sai an ɗauke shi, amma karatu bai taɓa tsayawa ba.

A lokacin matata ta shekara da rasuwa, Allah bai ba mu haihuwa ba, 'yan'uwana kuma duk sun watse garuruwa. A bayan shago nake kwana ni kaɗai, wani lokaci in wuni ban yi magana da kowa ba sai masu kawo ɗinki, kuma babu inda raina ke samun natsuwa sai zauren Shehu bayan la'asar.

Wata Talata cikin tsananin zafin bazara, na hau kekena na nufi karatu, sai na tarar da mutane sun yi da'ira a gefen kwalta. Ɗan kilando ne, wato mai babur na haya, ya buge wata tsohuwa ya gudu. Tana kwance a rana, ƙafarta ta dama na zubar da jini, kayan ƙullinta sun warwatse. Mutane sun fi talatin, wasu na ɗaukar hotonta da waya, wasu na cewa “miskina” da Larabcin garin, amma ba wanda ya matsa, domin kowa na tsoron idan ya kai ta asibiti a riƙe shi a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ana yi masa tambayoyi kamar shi ya buge ta.

Ita kuwa da Hausa take kira, Hausar Damagaram, da murya ƙasa-ƙasa: “Bayin Allah, ba mai jin Hausa? Ku ɗaga ni daga rana.”

Na ji kowace kalma. Idona ya haɗu da nata, sai na sunkuyar da kai, na yi kamar ni ma ban san abin da take faɗa ba. Na ce a raina jama'a na da yawa, wani zai yi. Na ce mace ce ba muharramata ba. Na ce idan aka tsare ni ba ni da wanda zai zo ya tsaya mini. Da waɗannan hujjoji na tura kekena na wuce.

Da na shiga zaure na tarar da ɗalibai a zaune, littafi a rufe, Shehu na zaune a kan buzunsa da hula kawai babu rawani, abin da ba mu taɓa gani ba, gumi na zuba daga goshinsa kamar wanda ya daɗe a rana. Ko gaisuwata ban ƙarasa ba ya ce, “Hashimu, a ina ka baro ta?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, akwai jama'a da yawa a wurin.”

Ya ce, “Mutum nawa ne a cikinsu suka ji abin da take faɗa?”

Na ce, “Ni kaɗai.”

Ya ce, “Ceton rai, idan wani ya yi, ya ɗauke wa saura. Amma idan kai kaɗai ka ji kiran, ya hau kanka kamar sallar farilla.”

Na ce ba muharramata ba ce. Ya ce, “Uwarka ce har ka kai ta wurin likita.” Malam Shafi'u, wani ɗalibi mai aiki a kotu, ya ce ai ko dokar ƙasa tana hukunta wanda ya bar mutum cikin halaka alhali yana da ikon taimako. Shehu ya ce a hankali, “Doka tana kama wanda aka shaida. Hashimu ba mai shaida a kansa sai ita da Ubangijinta. Koma, ɗana, hannuna ya gaji.”

Ban fahimci maganar hannu ba sai da na isa. Mutane sun ragu, tsohuwar na nan inda na bar ta, amma jinin ya tsaya, an ɗaure mata cinya tamau da farin rawani. Na durƙusa na duba bakinsa, na gane kalmasar, domin ni na yi ta da hannuna a watan azumin da ya wuce, har da inda farin zare ya ƙare mini na ƙarasa da zare mai launin ruwan madara. Na tambayi mai shayin da ke gefen hanya wa ya ɗaure mata ƙafa, ya rantse da Allah tun da ta faɗi idonsa na kanta, ba wanda ya je kusa da ita.

Na ce, “Inna, sannu. Na zo.”

Ta buɗe ido ta ce, “Kai ne mai keken? Wani tsoho ya zauna nan ya tare mini rana, ya danne mini ƙafa da hannunsa, ya ce ɗansa na tafe.”

Taksi uku suka ƙi tsayawa, na huɗu na tare shi da jikina. Na kai ta asibiti, likita ya ce ba don ɗaurin nan ba da jini ya ƙare mata a hanya. Abin da na ji tsoro kuwa ya same ni: aka riƙe ni a komisariya har gab da magariba, aka rubuta sunana da unguwata, sannan aka ce in tafi. Iyakarsa ke nan, kuma a kan wannan na so in bar rai ya salwanta.

Sunanta Hansai. Ɗanta Mudi ya tafi haƙar zinariya a arewacin ƙasar nan shekara huɗu da suka wuce, kiransa na ƙarshe daga Njamena ya yi shi, shi ya sa ta sayar da awakinta ta biyo sawu, ba ta san kowa ba, ba ta jin Larabci ko Faransanci. Kwana arba'in ta yi a gado ina kai mata kunu safe da yamma, in zauna mu yi hira, ita ta ba ni labarin ɗanta, ni in ba ta na matata. Na zaga tashoshi da masallatan Hausawa daga unguwar Paris-Congo har Diguel da hoton Mudi a aljihu, ba wanda ya san shi.

Na wanke rawanin na mayar wa Shehu. Ya karɓa ya ajiye a gefe, ya ce, “Ni aron ƙafafu aka yi mini na ɗan lokaci, don kai ka yi jinkiri. Kai kuwa ƙafafunka naka ne kullum. Kada ka faɗa wa kowa muddin ina da rai.” Daga nan ya buɗe littafi daga inda muka tsaya.

Da Inna Hansai ta iya taka ƙafa da sanda, ta ce za ta koma gida ta jira ɗanta a can. Na raka ta har gadar Ngueli da ke kan iyaka. Kafin ta shiga mota ta riƙe hannun rigata ta ce, “Ɗana, na gan ka lokacin da ka wuce da farko. Na san ka ji ni. Na yafe maka tun a ranar.” Na tsaya a bakin gadar har motar ta ɓace, ban sake jin labarinta ba.

Shehu ya koma ga Ubangijinsa a daminar shekarar, aka rufe zauren, ɗalibai kowa ya kama gabansa. Yanzu bayan la'asar a shago nake zama ni da keken ɗinki, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan tun ina da sauran gani.

Tsarki ya tabbata ga Wanda yake girmama bayinSa na gari da abin da Ya so. Ya Allah, Ka yarda da Shehinmu, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihai, Ka lulluɓe mu da albarkarsa. Ka haɗa Inna Hansai da ɗanta, a nan ko a can. Ni kuma bawanKa mai rauni, ranar da zan faɗi in yi kira, Ka sa a cikin masu wucewa akwai wanda zai ji, ya tsaya. Amin.